Daga Rajistar Aji Zuwa Takardar Sakamakon Zaɓe



An nemi in yi magana a kan masanan da suka ba da rayuwarsu ga nazarin mulki da zaɓe da sulhu bayan rikici. Fagen yana da faɗi, lokacinmu kuwa kaɗan ne. Saboda haka na ɗauki mutum guda wanda kowa a ɗakin nan ya san sunansa, wato Farfesa Attahiru Muhammadu Jega. Abin da nake fatan mu tashi da shi guda ne: duk wannan ilimi a kan amanar ƙidaya ya dogara, kuma a ajin firamare ake fara koyon ta.

An haifi Jega a 1957 a garin Jega, cikin Jihar Kebbi ta yanzu. A can ya yi firamare, ya yi sakandare a Birnin Kebbi, ya karanci kimiyyar siyasa a Kano, sannan ya sami digirin digirgir a Jami'ar Northwestern ta Amurka a 1985. Ko da yake a Amurka ya yi karatun, a gida ya nemo abin da zai bincika, wato aikin noman rani na Bakolori kusa da Talata Mafara. A can ne aka gina madatsar ruwa, manoma suka rasa gonakinsu, batun diyya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har a watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sanda, rayuka da dama suka salwanta. Mai binciken irin wannan lamari dole ya tambaya: gona nawa aka karɓe, wa aka biya, wa aka hana? Da irin waɗannan tambayoyi ake auna mulki, domin gani ya kori ji.

Daga 1988 zuwa 1994 ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a zamanin mulkin soja. An haramta ƙungiyar, an tsare shi, amma ba su bar teburin shawara hannu wofi ba. A yarjejeniyar 1992 sun kawo shawarar a ɗora wa kamfanoni harajin ilimi, a 1993 kuwa aka kafa dokar karɓar kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Wannan asusu ne ya koma TETFund a 2011, wanda yawancinmu mun ga gine-ginensa a kwalejojin ilimin da muka fito. Akwai darasi a nan ga ƙungiya irin tamu. Wanda ya je gaban hukuma da kuka kaɗai, haƙuri za a ba shi. Wanda ya je da lissafi a rubuce, da hanyar da kuɗin za su fito, dole a amsa masa.

Bayan haka ya jagoranci cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero da ke Gidan Mumbayya, gidan marigayi Malam Aminu Kano. Kada mu manta, Malam Aminu alli ya fara riƙewa: ya koyar a Midil ta Bauchi da makarantar horon malamai ta Maru, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa a ƙarshen shekarun 1940. Daga baya Jega ya zama shugaban Jami'ar Bayero.

Zaɓen 2007 ya lalace har wanda ya ci shi, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya amsa a jawabinsa na kama mulki cewa akwai kurakurai a ciki. Ya kafa kwamitin gyaran zaɓe ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, Jega yana cikin 'yan kwamitin. Rahotonsu na 2008 ya nemi a kafa hukumar hukunta masu laifin zaɓe, a kuma raba shugaban ƙasa da ikon zaɓo shugaban hukumar zaɓe shi kaɗai. Waɗannan biyu ba a aiwatar da su ba. Amma a 2010 aka naɗa Jega shugaban hukumar zaɓe ta INEC, aka ce masa ga fili ga mai doki.

Abin da ya fara da shi rajista ce. Da yawanmu mun tuna watan Janairun 2011, lokacin da aka ɗage komawa makaranta domin a yi rajistar masu zaɓe da hoto da zanen yatsu, a harabar makarantunmu. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa kiran suna da safe: in rajista ta ƙunshi sunayen da babu masu su, duk lissafin da aka ɗora a kanta ƙarya ne. Ya kuma ɗora aikin rumfunan zaɓe a kan matasa masu yi wa ƙasa hidima, ya ɗauko malaman jami'a domin tattara sakamako.

Duk da haka, bayan zaɓen shugaban ƙasa na 16 ga Afrilu 2011, rikici ya ɓarke a jihohin Arewa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 800 aka kashe cikin kwana 3. A Bauchi an kashe masu yi wa ƙasa hidima 10, 'ya'yan mutane da aka aiko su riƙe amanar ƙuri'a. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin marigayi Sheikh Ahmad Lemu. Wannan musiba ta koyar da cewa ƙidaya daidai ba ta isa ba sai jama'a sun yarda an ƙidaya daidai.

Zuwa 2015 an fito da katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance shi, domin toshe aringizon ƙuri'a. A watan Janairun shekarar 'yan takarar shugaban ƙasa suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja, kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar ya ci gaba da sa ido a kanta. Ranar 31 ga Maris, ana tsakiyar tattara sakamako, wakilin wata jam'iyya ya tayar da hayaniya a gaban duniya. Jega bai ɗaga murya ba. Ya saurara, ya amsa, ya koma kan alƙalumansa. Kafin a kammala sanarwa, Shugaba Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari waya ya amsa shan kaye. Shi ne karo na farko da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe a Najeriya.

Sai dai kada mu ɗauka takardar shaida ita ce gaskiya. A 2021 wata kotu a Jihar Akwa Ibom ta yanke wa wani farfesa ɗaurin shekara 3 saboda sauya alƙaluman zaɓen 2019. Digiri ba ya sa wa mutum halin da bai taso da shi ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗanyen icen kuwa a hannunmu yake.

Haka batun sulhu yake. A Afirka ta Kudu, hukumar da Desmond Tutu ya jagoranta ta gindaya sharaɗi: mai neman afuwa sai ya faɗi dukan abin da ya aikata. A nan gida an kafa kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa a 1999, ya saurari waɗanda aka zalunta, ya miƙa rahotonsa a 2002, amma gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba. Miki in an rufe shi ba a wanke ba, ruɓewa yake yi. Idan gari ya lafa bayan tarzoma, wuri na farko da 'ya'yan ɓangarorin biyu suke sake zama a benci ɗaya shi ne ajinmu.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu. Na farko, mu tsare rajistarmu da takardun jarrabawarmu. Kada a rubuta yaron da bai zo ba, kada a ƙara wa ɗan wani maki don girman mahaifinsa. Na biyu, mu bar yara su zaɓi monita da kansu, a ƙirga a gabansu, wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu. Na uku, duk wanda aka ɗauka aikin zaɓe a cikinmu, kada ya sa hannu kan adadin da bai ƙirga ba, ko da wa ya matsa masa. Na huɗu, yaron nan mai yawan tambayar dalili, kada mu kashe masa baki. Mu gaya masa akwai sana'a sukutum da aka gina a kan tambaya, kuma ɗan firamaren garin Jega ya bi ta har ƙasa ta amfana.

Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, amma ba ya ɗorewa inda aka saba da ƙaryar lissafi. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.