Ranar Daji: Rabon Matar Da Ke Cikin Gida

Ina gaida masu saurarenmu na Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, da na Kebbe da Kuchi da Sangi da Ungushi, da duk inda muryar nan ta kai.

Yau maganar daji za mu yi. Na san wata za ta ce, to mu da ke cikin kulle ina ruwanmu da daji? Ki ɗan rage wutar murhu ki saurare ni, Hajiya, don da ke nake.

Yawancinmu kafin a kai mu ɗaki mun sha yawon daji. A tashi da sassafe 'yan mata biyar ko shida, kowa da ƙwaryarta, a bi bayan wata tsohuwa. Sunan tafiyar ɗiban itace ko tsintar kaɗanya, amma kowa ya san rabinta wasa ne. A ci kanya, a tsotsi aduwa, a cika aljihu da magarya, a dawo da la'asar ƙafa fututu, baki baƙi ƙirin da ɗinya. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, amma a wannan yawo muka san kalgo daban da sabara, muka san wane ganye ake miya da shi, wane ne ko akuya ba ta taɓawa.

To yanzu ki gwada ɗiyarki mai shekara goma. Ki tambaye ta yaya furen ɗorawa yake. Daddawa ta sani, kullum ita ake aike saye. Amma wannan jan tutu mai kama da ƙwallo da ke reto a jikin reshe idan ɗari ya fara janyewa, wanda ƙudan zuma ke rufewa da safe, da wuya ta taɓa ɗaga kai ta gan shi. Ba laifinta ba ne. Makarantar boko da safe, Islamiyya da yamma, ga talla, ga kuma babban dalili da duk muka sani: daji ya zama wurin tsoro.

Ba zan ɓoye wannan ba. A shekarun nan 'yan bindiga sun mayar da dazuzzuka da dama mafakarsu, kuma ƙauyukan yankin nan, musamman na ƙasar Kebbe, sun ɗanɗana. Akwai wuraren da ko magidanta ba su iya zuwa gona. Duk wadda ke zaune a irin wannan wuri, ban ce ki tura yaro ko nan da bayan gari ba. Rai ya fi kanya. Amma akwai garuruwan da har yanzu ake zuwa gonar gefen gari lafiya a dawo lafiya, akwai fadama da ake hangen hasumiyar masallaci daga cikinta. Dajin da nake nufi ke nan, ba sai an nutsa ba.

Abin da nake so mu duba shi ne, wadda ba ta fita tana iya zama ita ce mai shirya fitar, kuma ita ce mai cin moriyarta. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da haka ta kai ilimi cikin gidaje. 'Yan Tarunta ba matan aure masu goyo ba ne, dattawan mata ne da 'yan matan da ba su kai aure ba. Jaji ta sa malfarta ta wuce gaba, su keta daji da ƙafa su je wurin Nana, su kai mata abin da ƙauye ke da shi, su ɗauko karatu su dawo su zauna da matan da ke cikin gida su koya musu. Ita kuwa Tambuwal ai garin ɗan'uwanta ne, Muhammadu Buhari ɗan Shehu. To idan tsohuwa da yarinya sun iya ɗauko karatu daga Sakkwato su kawo miki har tsakar gida, ɗauko labarin fadamar bayan gari ba zai gagare su ba.

Ga yadda nake ganin za a yi. Ki fara da maigida, a lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba sa'ad da ya shigo a gajiye ba. Shi ya san inda ke da lafiya a makon nan, shi ke jin labari a majalisa. Idan ya amince, a samu ranar Alhamis ko Juma'a da safe, ko lokacin hutu. Inna ko Gwaggo ta ja gaba, da wani babban namiji na gida a tare, da yaran gidan da na maƙwabta. Ku kuma na gida ku dama fura, ku ƙulla ƙuli-ƙuli da ɗan rogo, ku cika jarka da ruwan sha. A fita bayan hantsi bai ɗaga ba, a dawo kafin azahar.

Sannan ki ba kowane yaro saƙo. Wannan shi ne gishirin abin. Ki ce wa wannan, ka kawo mini ganye iri biyar, kowanne da sunansa. Ki ce wa waccan, ki ƙirga mini tsuntsayen da kika gani. Yaron da aka ba saƙo idonsa a buɗe yake tafiya. Idan sun dawo kuwa, kada ki tare su da "ku je ku wanke ƙafa". A shimfiɗa tabarma, a baje abin da aka kawo, a bar su su yi ta zuba. A nan ne za ki ga kishiyarki, wadda kuka kwana biyu ba ku yi doguwar magana ba, ta ɗauki ganye ta shinshina ta ce, wannan ai marke ne, a garinmu da shi ake maganin tari. Sai hira ta ɓarke.

Kowane lokaci kuma da abin kallonsa. Da kaka zuwa ɗari, magarya da kanya da aduwa sun nuna, gurjiya ta zubar da ganye ta fitar da jan fure ita kaɗai a tsakiyar busasshen daji. Gawo kuwa nasa al'amarin daban ne: da damina, sa'ad da kowace bishiya ta yi kore, shi tsirara yake, sai rani ya shigo ya yi ganye. Shi ya sa manomi ba ya sare shi, don ba ya yi wa gero inuwa, ga taki yana zubarwa, ga 'ya'yansa abincin awaki. Da bazara shamuwa ta iso, kowa ya san ruwa ya kusa. Ruwan farko na sauka albasar kwaɗi ta ɓullo da farin furenta, kaɗanya ta fara zuba, tafki ya cika bado ya rufe shi. Furen kuka ma fari ne ƙato, amma da dare yake buɗewa, jemagu ne baƙinsa. Da safe sai dai yara su tsince shi a ƙasa. Akwai kuma wani ɗan fure mai ruwan hoda da ke fitowa a gindin gero da dawa, gwanin kyau, yarinya na gani za ta so tsinka. Ƙuduji ne, wasu su ce wuta-wuta, shi ke tsotse hatsi ta saiwa. Wannan kam ta tumɓuke shi duka, babanta zai sa mata albarka.

Namun daji sun ragu, ba sai an faɗa ba. Kakanninmu na ba da labarin barewa da gada a bakin Gulbin Zamfara. Yau yaro ya yi sa'a idan ya ga zomo ya tsallake hanya. Amma kurege na nan, da damo, da bushiya, da zabin daji, da fakara, da cilakowa, da belbela tana bin shanun Fulani. Ko garken farare bokoloji da jajayen awakinmu na Sakkwato suna gangarowa mashaya abin tsayawa a kalla ne. Abin da za ki ja wa yara maza kunne a kai shi ne danƙo da kwasar ƙwai. Su duba sheƙa su bar ta. In sun tarar da ɗan wata dabba a kwance cikin ciyawa, ba yasar da shi aka yi ba, uwar na kusa.

Kada kuma a ce abin da ya tafi ba ya dawowa. A Nijar, wajen garin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa da ke yawo a sake cikin gonakin mutane, ba shinge ba keji. Raƙuman dawan Nijar ne suka rage a duk Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 kacal. Aka hana farautarsu, mutanen ƙauyukan suka haƙura da su duk da ɓarnar wake da suke yi musu, har suka haura 600. Ki ba yaranki wannan labari da dare.

Yanzu ga kashedi, kuma a nan ina so ki buɗe kunne. Kowane yaro ya sa takalmi. Kada a zura hannu cikin rami, ko kogon itace, ko ƙarƙashin tarin kara. Kububuwa ƙarama ce, launinta irin na ƙasa, kuma ita ce macijin da ya fi kashe mutane a arewacin ƙasar nan. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau. A hana yaron tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ko da ya ce ba ya jin komai, don dafinta hana jini daskarewa yake yi, kuma sai daga baya yake nunawa. Wanka a tafki ma a bari; nan ake ɗauko tsargiya, ki ga yaro na fitsarin jini. Zaƙami mai dogon farin fure, da 'ya'yan bini-da-zugu, da ruwan tumfafiya a ido, duk a nuna musu a ce wannan kallo kawai. Ashana kuwa ta zauna a gida. Gafiya ɗaya ba ta kai a ƙone daji ba.

Ke kuma da na ce garinku ba hali, ban manta da ke ba. Ki sa a kawo miki ƙwallon ɗinya ko 'ya'yan tsamiya da na kuka, yara su shuka a tsohuwar roba, ruwan alwala ya ishe su. Zogale da lalle a bayan ɗaki ba su cin wuri. Ki ajiye kasko da ruwa a gindin katanga da rani, ki ga yadda kurciya da bā'u da sauran ƙananan tsuntsaye za su riƙa sauka har su saba da ku. Mai kawo muku itace ma ki riƙa tambayarsa, wannan wace bishiya ce? In ya ce kaɗanya ce ko ɗorawa ɗanya aka sara, ki ce ya kai gaba, ya kawo miki busasshen geza ko sabara.

Akwai kuma aikin da ba ya bukatar ko taku ɗaya. Tsohuwar da ke gidanku, ki zaunar da ita da jikarta mai zuwa makaranta, ta riƙa faɗa ita kuma tana rubutawa a littafi: sunan itace, inda yake fitowa, lokacin da yake fure, abin da ake yi da shi. Da boko ko da ajami, duk ɗaya. Wadda ta cika shafi biyu ta aiko mana, za mu karanta a nan da sunan garinku.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan man kaɗe, daga tsinta har kwasa. Ku gaida mini yara. Wassalamu alaikum.