Gwanja Da Idona: Abin Da Na Gani A Salaga

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a garin Kontagora)

Kwamitin shirya taro ya nemi in ba da labarin tafiyar da na yi zuwa ƙasar Ghana, musamman garin Salaga. Na karɓa da hannu biyu, domin akwai gidaje da yawa a cikin wannan ɗaki da suke da rabo a labarin.

Wane ne a cikinmu, mu da muka ɗan manyanta, bai taɓa jin kalmar Gwanja a bakin kakanni ba? In wani ya daɗe bai dawo ba a ce kamar wanda ya tafi Gwanja. Tun ina yaro nake jin sunan nan, nake kuma fatan Allah Ya nuna mini wurin kafin in koma gare Shi.

To, bari in fara da hanyar, don yara su gane. A ƙarni na 19 fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakunansu, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu. Ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta biyo ta Zariya da Birnin Gwari, ta ratsa wannan ƙasa da muke zaune, ta kai Yawuri. Daga nan a ƙetare Kwara a shiga ƙasar Bargu, a bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yandi, sannan a sauka Salaga. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan fatauci. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba, kuma mutum kan yi wata da watanni a hanya, wani sai shekara ta zagayo kafin iyalinsa su sake ganinsa. Kafin Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora a 1864 ayari na bin wannan yanki, bayan ya kafa ta kuma aka ci gaba. Ashe kun ga ba mu ne farkon baƙin da suka sauke kaya a nan ba.

Ni dai ban bi sawun jakuna ba. Mota na shiga zuwa Legas, daga nan Kwatano, Lome, har Ankara, wato Akra babban birnin Ghana, ba ta Turkiyya ba. Shingaye a hanya sun fi ƙarfin ƙirga, kuma ba kowanne ake wucewa da fatar baki ba. Da na yi ƙorafi sai wani dattijo a motar ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, ai kakanninka ma sun biya kuɗin fito." Na ce gaskiya ne, Baba.

A Kumasi na kwana uku. Na shiga kasuwar Kejetiya, na ziyarci gidan tarihin fadar Manhiya ta sarkin Asante, amma zango ne ya fi kama zuciyata. Hausa ake yi a can tsantsa, ko da yake harshen ya ɗan sha bamban da namu. Da safe ga koko da ƙosai, kuma duk ƙasar da sunan Hausa ake kiran kokon. Shinkafa da wake da suke ji da ita, sunanta daga kalmarmu ta wake ya fito. Can arewacinsu kuma tuwon zafi ne abincin dare. Wani tsoho da na gaisa da shi ya ce kakansa daga Katsina ya zo, shi kuwa bai taɓa taka Nijeriya ba. Ya ba ni labarin shekarar 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takardun zama, mutane suka sayar da gidaje da arha suka kama hanya. Mu ma a 1983 mun kori nasu. Duk wanda ke zaune a garin da ba na kakansa ba, ya kamata ya riƙe waɗannan shekaru biyu a ransa, ya kuma san darajar zaman lafiya da masu masaukinsa.

Daga Kumasi na bi ta Atebubu zuwa Yeji, inda ake shiga jirgin fito a ƙetare tafkin Bolta zuwa Makango. Wannan tafki ba a san shi ba a zamanin fatake. Madatsar ruwa ta Akosombo da aka gama a 1965 ce ta haifar da shi, ya kuma cinye tsohon garin Kete Karachi. Ina cikin jirgin sai na tuna da namu. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ita ma ta nutsar da tsohuwar Busa. Wato garuruwa biyu da fatake suka sani, ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan, duk suna ƙarƙashin ruwa yau.

Sai ga ni a Salaga. Jama'a, gani ya kori ji. Garin da sunansa ya cika ƙasar Hausa, na tarar da shi ƙarami, shiru, babu hayaniya. Kuma babu dajin goro a can. Goron a dazuzzukan Asante yake fitowa, a kudu, Salaga kasuwa ce kawai inda mai goro da mai kanwa suke haɗuwa. Ƙarfin garin ya dogara ne a kan hanya, da hanya ta kauce sai garin ya kwanta. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya warware, cinikin goro ya fara komawa wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a kan sarauta, aka watse. Daga baya goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, ga kuma jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911. Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro a wannan ƙasa kafin ya shahara da gyaɗa a Kano, yana cikin waɗanda suka fara bin sabuwar hanyar ta teku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne wannan. Wani saurayi ɗan garin ya zagaya da ni. Ya nuna mini rijiyoyi birjik, waɗanda saboda yawansu ake yi wa Salaga kirari da garin rijiya dubu. Sannan ya kai ni wani wuri ya ce sunansa Wankan Bayi. A nan ake wanke mutanen da aka kamo, a shafa musu man kaɗe don jikinsu ya yi sheƙi kafin a kai su kasuwa. Ya ambaci wani wurin kuma, Rafin Angulu, inda ake yar da gawar waɗanda suka mutu. Ya nuna mini sarƙoƙi da mari da aka adana. Bai buƙaci ya fassara mini sunayen nan ba, domin da harshena aka raɗa su. Wallahi na daɗe a tsaye ban ce komai ba.

Iyayena, ku gafarce ni in na taɓo inda ke da zafi. Labarin da muka gada na Gwanja labarin goro ne da jarunta da dukiya, kuma gaskiya ne. Amma a kasuwar nan an sayar da 'yan Adam, wasu aka gangara da su bakin teku, wasu aka yi sama da su. Ƙasar nan tamu ma tarihi bai ɓoye ba cewa ta ga hare-haren kamun bayi kafin Turawa su ci Kontagora a 1901. Jikokin waɗanda abin ya shafa maƙwabtanmu ne yau, muna kasuwa ɗaya, wasu mun haɗa jini da su ta aure. Mutanen Salaga ba su share waɗannan wurare ba, sun bar su, suna nuna wa baƙo. Na ga girma a cikin haka. In za mu ba 'ya'yanmu labarin kakanni, mu ba su shi dukansa.

Akwai kuma abin alfahari da na samo. Duk inda na zauna da malamai a can sai an ambaci Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga, ya koma Kete Karachi bayan yaƙin, ya rasu a can a 1934. Ya karantar da ɗalibai masu yawa, ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami a kan abubuwan da suka faru a zamaninsa. Fatake dubbai sun bi hanyar nan da dukiya mai yawa, yau ko sunayensu ba a sani ba. Shi da ya riƙe alƙalami, ga shi har yanzu ana karanta shi a jami'o'i.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abubuwa uku. Na farko, a naɗa matasa su bi gidajen dattawanmu da wayoyinsu, su ɗauki bayanin kowane gida: daga ina kakanninku suka zo, wace sana'a ta kawo su Kontagora, wa ya sauke su? A rubuta a ajiye, domin kowace shekara muna binne wasu daga cikin masu wannan sani. Na biyu, a shirya wa 'yan makaranta ziyara zuwa Yawuri da Kainji, su ga kogin da fatake suke ƙetarewa. Ba nisa, kuma kuɗin bai fi ƙarfinmu ba in an yi karo-karo. Na uku, ga duk wanda Allah Ya hore wa zuwa Ghana, ya tanadi fasfonsa da katin rigakafin shawara, kada kuma ya tsaya Ankara da Kumasi kawai wajen saro kaya. Ya ƙara kwana biyu ya isa Salaga, ya nemi ɗan gari ya zagaya da shi, ya yi wa waɗanda suka mutu a can addu'a, masu saye da waɗanda aka sayar.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya gafarta musu, Ya ƙara mana zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.