Jawabi Ga Iyaye Da Malamai A Kan Koya Wa Yara Sulhu



Jama'a, abin da ya tara mu yau shi ne maganar sulhu. Yawancinmu muna tsammani sulhu baiwa ce ta tsofaffi, sai mutum ya yi furfura sa'an nan ya iya. Mu kuwa muna ganin sana'a ce kamar ɗinki ko fawa, koyonta a ke yi, kuma icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Ku tuna da abin da ya faru a arewacin ƙasar nan ta Ghana cikin 1994. Gardama ce ta tashi a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla a kan cinikin zabo, sai ta zama yaƙi tsakanin Konkomba da Nanumba, har ta jawo Dagomba da Gonja. Aka kashe mutane fiye da dubu, aka ƙone garuruwa da yawa. Sai cikin 1996 aka sa hannu a takardar sulhu a nan Kumasi. To, zabo ne ya yi wannan ɓarna? Ko kaɗan. Rigimar ƙasar noma da ta sarauta ce ta daɗe tana cin mutane a zuci, zabo ashana ce kawai. Watau abin da mai sulhu zai fara koya ke nan: abin da a ke faɗa a kansa sau da yawa ba shi ne ainihin ciwon ba.

Mu ma mutanen zango mun ɗanɗana. A Hohoe cikin 2012, da Tafo cikin 2016, a kan maƙabarta fitina ta tashi tsakanin samarinmu da masu gari, aka yi hasarar rai da dukiya, aka sa dokar hana fita. Wa ya fi shan wuya? Mai rumfa da ya kwana bai yi ciniki ba, da mai sayar da koko da ta dafa ba mai saye. Samarin da suka ɗauki sanda kuwa, jiya-jiya suna gabanmu da allo. Mun koya musu karatu, amma ba mu koya musu abin da mutum zai yi in ransa ya ɓaci ba.

Alhali muna da abin koyi. Lokacin da Ƙuraishawa suka sake gina Ka'aba suka kusa zub da jini a kan wanda zai aza Hajarul Aswadi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shimfiɗa mayafi, ya sa dutsen a kai, ya ce kowace kabila ta kama gefe. Ba wanda ya koma gida da kunya. A zamaninmu kuma, cikin 2019, Limamin Ƙasa Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu ya ziyarci majami'ar Katolika a Akra ran bikin Ista, bai rage kome daga addininsa ba, sai ma girma da ya ƙara wa Musulmi.

Saboda haka ga abin da ƙungiyarmu ta ke roƙo. Malamai, in yara biyu sun yi faɗa, kada a gama su a yi musu bulala a sallame su. A ji kowanne shi kaɗai, sa'an nan a gama su, kowa ya maimaita maganar ɗan'uwansa har shi mai maganar ya ce i, haka na ce. Bayan wannan su da kansu su faɗi abin da zai gyara. Ran Laraba kafin a tashi, a ɗauki rabin sa'a a yi wannan a gaban sauran yara, manyan almajirai kuma a riƙa ba su ƙananan rigingimu su gwada.

Iyaye, naku ya fi nauyi. Yaro yana zama benci ɗaya da ɗan Asante da ɗan Frafra a makarantar boko. In ya komo gida ya ji ana kiran maƙwabci da sunan raini, duk abin da malam ya shuka ya ƙone. In rigima ta tashi a bakin famfo, ko a kan iyakar rumfa, ku kai wa mai unguwa tun ba ta kwana ba, ku bar yaranku su ga yadda a ke yi.

Muna roƙon kowane malami mai makaranta ya tsaya bayan addu'a, mu sa ranar da za a fara. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya shirya mana zuriya. Amin.