Babur Ba Janwe Ba Ne

Yau maganarmu a kan abin da muke gani ne a hanyar Jibiya zuwa Ɗan Isa: mota ta mutu, sai a ɗaura igiya a bayan babur, a ce ɗan kabu-kabu ya ja ta zuwa gareji.

Ɗan'uwa mai babur, yi lissafi. Boxer ɗinka bai kai kilo 150 ba, ƙaramar mota kuwa ta kai tan guda. Tashi ba wuya, tsayawa ce aiki. In injin mota yana kashe, birkinta tauri yake yi. Akuya ta gitta, ka taka birki, motar ba ta tsaya ba, to kanka za ta hau. In kuma direban ya riga ka takawa, igiya ta fizge ka, sai ƙasa.

Doka fa? Tuƙin ganganci laifi ne a Najeriya da Nijar. Jami'in FRSC ko jandarma yana iya tsayar da kai, kuma in wani ya ji rauni, da kai za a tuhuma.

To me za a yi? A tura motar gefen titi, a sa alama daga nesa. Kai kuma je ka ɗauko makanike, wannan ne aikin babur. In ja ya zama dole, a nemo janwe. A ɓangaren Najeriya, lambar FRSC 122 ce.

Kuɗin jan nan ba zai biya ɗorin ƙafa ba. Allah ya kiyaye hanya.