Gidan Mambayya da Bashin da ke Kanmu



Ziyarar da reshenmu ya kai Gidan Mambayya da ke unguwar Gwammaja a Kano ta cancanci mu tsaya mu yi mata nazari. A wannan gida Malam Aminu Kano ya zauna, a nan kuma aka binne shi bayan rasuwarsa ranar 17 ga Afrilu, 1983. Yanzu gidan yana hannun Jami'ar Bayero, wadda ta mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, ta kuma adana hotunansa da kayayyakinsa domin masu ziyara.

Jama'a sun fi saninsa da jam'iyyun NEPU da PRP, amma mu alli ne ya haɗa mu da shi. Ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi da Kwalejin Horar da Malamai ta Maru. Ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, domin ya fahimci cewa kukan malami guda ba ya isa kunnen hukuma. Sai a 1950 ya ajiye koyarwa ya rungumi siyasa. Ashe inuwar da muke zaune a ƙarƙashinta yau, irinsu ne suka dasa bishiyarta.

Duk wanda ya ga ɗakunan da ya zauna zai yi mamakin ƙanƙantarsu. Mutumin da ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya, ya kuma nemi shugabancin ƙasa a 1979, bai bar wa duniya katafaren gini ba. Wannan darasi ne da allo ba zai iya koyarwa ba, sai ido ya gani.

To, ɗalibanmu nawa ne suka taɓa taka ƙofar gidan nan? Yaron da bai san shugaba zai iya rayuwa haka ba, zai tashi yana zaton tara dukiya ita ce ma'anar mulki. Saboda haka muna roƙon kowace makaranta a reshen nan ta shirya kai aji guda kafin ƙarshen zango, da yardar iyaye, yara su dawo su rubuta abin da suka gani. Mu kuma mu riƙa halartar tarukan ƙungiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa Aljanna ce makomarsa.