Kowane lokaci da cutarsa, amma talauci ke buɗe mata ƙofa



Dukanmu nan Urno mun san lokacin da gidajen likita ke cika. Cuta na bin kalanda kamar yadda manomi ke bin ta, don haka ana iya shirya mata.

Mu fara da rani. Daga Disamba hunturu ke tasowa da ƙura, sannan zafin bazara ya biyo. Busasshiyar iskar nan tana raunata cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar sanƙarau ta samu hanyar shiga jini. Tana bi ta tari da atishawa, musamman inda mutane da yawa ke kwana ɗaki guda an toshe taga saboda sanyi. Haka ƴan uwanmu masu tafiya biɗa ke kwana a Kano ko Abijan, don kuɗin haya ya yi sauƙi. A 2015 sanƙarau ya kama sama da mutum 8,000 a Nijar, fiye da 500 suka rasu. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 na nau'in A ne, wancan kuwa nau'in C ne.

Ruwa na sauka sanƙarau ya lafa, sai sauro ya karɓi aiki. Yana hayayyafa a tabkuna da ramukan da muka haƙa don yin tubali. Kuma lokacin ne rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba. Yaron da yunwa ta rama, zazzaɓi na saurin kayar da shi. Shi ya sa a 2013 Madawa da Buza suka kasance cikin wuraren farko a Nijar da aka fara ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin kariya kowane wata na damina, tare da ƙungiyar MSF.

To, iska da ruwa ba a hannunmu suke ba. Abin da ke hannunmu shi ne jinkiri. Tun 2006 gwamnati ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma kuɗin kabu-kabu kan sa uwa ta jira har kwana uku. Sanƙarau kuwa na iya kisa cikin kwana ɗaya.

Ga abin da nake roƙon ƙungiyarmu. Mu buɗe ɗan asusu, ko jika-jika ne, don kai mara lafiya likita ko da tsakar dare. Ranar rigakafi mu sanar bayan salla, mu bi gida-gida. Kafin damina mu cike ramukan unguwa. In kun ga zazzaɓi da ciwon kai da taurin wuya, ko maɗigar jinjiri ta kumbura, kada a jira gari ya waye.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.