Wasiyyar Matar Aure: Yadda Ta Kasance a Ingila da Abin da Ya Shafe Mu

 Batun da muka ɗauko a wannan zama shi ne dukiyar matar aure bayan ranta. Za mu fara daga Ingila ne saboda dokar wasiyya da kotunan ƙasar nan ke aiki da ita daga can aka gado ta.

A tsohuwar dokar Ingila, mace na yin aure ana ɗaukar ita da mijinta mutum ɗaya ne, kuma mijin shi ne mutumin. Kuɗinta da kayanta sun zama nasa. Gonarta ba ta zama tasa ba, amma shi ke cin amfaninta. A 1540 aka ba mutane damar yin wasiyya da ƙasa, sai aka biyo da gyara wanda ya cire matan aure daga ciki. Sauran kaya kuwa, ba ta wasiyya da su sai da yardar miji, kuma yana iya janye yardar ko bayan ta rasu, muddin kotu ba ta tabbatar da takardar ba. Budurwa da wadda mijinta ya mutu suna da 'yancin da matar aure ba ta da shi.

Masu hali sun samo dabara. Kafin a ɗaura aure, uba sai ya damƙa dukiyar 'yarsa amana a hannun wasu amintattu, a rubuta cewa tata ce ita kaɗai, kuma tana iya yin wasiyya da ita. Wannan sai mai kuɗin lauya. 'Yar talaka ko oho. Sai a 1870 doka ta bar wa matar aure abin da ta samu da guminta, a 1882 kuma ta ba ta cikakken iko da dukiyarta.

Mu Musulunci bai taɓa haɗe dukiyar mata da ta miji ba. Sadakinta, gadonta da ribar sana'arta nata ne. Tana da ikon wasiyya da sulusi ba tare da izinin miji ba, sai dai ba a yi wa magaji wasiyya in ba sauran magada sun yarda ba. Miji rabi yake samu in ba ta bar ɗa ko 'ya ba, rubu'i in ta bari.

To ina matsalar? Muna zaune a jihohin da babbar kotu ke duba takarda kafin komai. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta bisa dokar Ingila ta 1837, duk da ta saɓa wa rabon gado na Musulunci. Wasu jihohi, irin su Kwara, sun gyara dokarsu daga baya, don haka a tambayi lauya abin da dokar jihar da ake zaune ta ce.

Abin da ya fi damun mu shi ne filin da uwargida ta saya da kuɗin adashe ko na sayar da abinci, amma aka rubuta sunan maigida a rasit saboda kunya. Ranar da ya rasu, filin ya shiga gadonsa, a raba da kishiyoyi da 'ya'yansu. Iyaye mata, ku sa sunanku a takardar abin da kuka saya. In za ku rubuta wasiyya, ku sa hannu a gaban shaidu 2 da suke wurin lokaci ɗaya, kuma kada wanda aka yi wa wasiyyar, ko mijinta ko matarsa, ya shiga cikin shaidun, domin hakan na ɓata rabonsa.